Sabon Abu Ya Fito: In Saya Ko In Dakata? Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso gare ni a wannan karon sun taru a kan damuwa guda, ko da yake kowa da kayan da yake magana a kansa. Mutum ya ji labarin wani bincike da masana suka yi, bai daɗe da jin labarin ba sai ga kaya a kasuwa ana tallarsa da sunan wannan binciken, ko kuma a ce masa ya haƙura, wanda ya fi na yanzu yana nan tafe. Tsakanin abin da aka gano a ɗakin bincike da abin da ya isa a ba da kuɗi a ɗauka akwai tazarar shekaru, wani lokaci har gomiya biyu ko uku, kuma a cikin wannan tazarar ne mai saye ya fi yin asara. Na zaɓi wasiƙu huɗu, na taƙaita su.

Batirin sola: na ruwa, na litiyam, ko a jira na sodiyam?

Wani magidanci ya rubuto cewa baturan ruwa huɗu da yake amfani da su a sola sun mutu bayan shekara biyu da 'yan watanni. Mai haɗa masa ya ce ya koma litiyam, amma kuɗin ya yi masa nauyi, kuma ya karanta cewa batirin sodiyam yana nan zuwa, zai fi kowanne araha. Yana tambaya ko ya sake sayen na ruwa ya jira.

Malam, kafin mu kai ga sodiyam, ya kamata mu san abin da ya kashe baturanka, domin idan ba a gano shi ba, sababbin ma hanyar da na farko suka bi za su bi. Batirin ruwa, wato na dalma da asid, tsohuwar fasaha ce wadda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, kuma har yau halinsa bai sauya ba: ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, ba ya son ya kwana babu cikakken caji, kuma ba ya son zafi. Duk daren da aka bar shi ya yi ƙasa sosai, washegari kuma rana ba ta cika shi ba, wani gishiri mai tauri yana daskarewa a kan farantan dalmar da ke cikinsa, ya rage masa ƙarfin riƙe wuta, kuma wannan lahani ba ya komawa. Masu ƙera shi suna auna tsawon rayuwarsa ne a ɗaki mai zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Saboda haka mutuwarsa a shekara biyu ba lalle ta nuna cewa jabu aka sayar maka ba. Mai yiwuwa nauyin da ka ɗora masa ya fi ƙarfinsa, ko farantan solarka ba su isa su cika shi kullum ba.

Yanzu sai mu yi lissafi, domin kwatanta kuɗin da ke rubuce a jikin kaya shi ne ke ruɗar mutane. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a takarda, guda huɗu sun zama 9.6. Tunda rabi kawai ya halatta ka taɓa, abin da kake mora a zahiri bai wuce 4.8 ba. Batirin litiyam guda ɗaya mai bolt 51.2 da amfiya 100 yana ɗauke da kilowat-awa 5.12, kuma kana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da ka cuce shi ba, wato tsakanin 4.1 da 4.6. Ka ga ke nan guda ɗayan nan ya kusa tsayawa a madadin huɗun. Sai kuma yawan zagaye, wato sau nawa za a cika shi a sauke kafin ya raunana. Na ruwa yakan ba da daga 'yan ɗaruruwa zuwa kimanin 1,500 idan mai kyau ne kuma ya sami kulawa, na litiyam ɗin da ake kira LFP kuwa kamfanoni suna ba shi daga 3,000 zuwa 6,000. Ka ɗauki kuɗin kowanne, ka raba shi da wutar da za ka mora a zagaye guda, ka sake rabawa da yawan zagayen. Amsar da za ta fito ita ce ainihin tsadar batirin, kuma kusan kullum litiyam ne ke fitowa da sauƙi ga wanda yake amfani da sola dare da rana.

Ka lura na ce LFP, domin litiyam iri-iri ne. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, kuma irin wanda ke cikin waya da kwamfuta galibi yana ɗauke da kobalt, wanda yake riƙe wuta mai yawa a ƙaramin jiki amma yana saurin kamawa da wuta idan ya yi zafi ko ya huje. LFP kuwa ƙarfe da fosfet ne a cikinsa, kuma ya fito ne daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas a wajajen 1997, mutumin da ya raba kyautar Nobel ta 2019 da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Fosfet yana riƙe iskar oksijin da ke jikinsa gam, ba ya sakinta cikin sauƙi, shi ya sa wannan nau'in ya fi aminci a ajiye a cikin gida. Ka duba shekarun da kyau: an gano shi a 1997, amma sai da ya shafe kusan shekara ashirin kafin ya zama abin da magidanci zai saya hankali kwance.

Wannan tarihin shi ne amsar tambayarka game da sodiyam. Batirin sodiyam gaskiya ne, ba labarin ƙanzon kurege ba. Kamfanin CATL na ƙasar Sin ya bayyana nasa na farko a watan Yulin 2021, kuma a ƙarshen 2023 an fara fitar da ƙananan motoci masu amfani da irinsa a can. Sodiyam yana ko'ina, a ruwan teku da cikin ƙasa, batirinsa yana jure sanyi fiye da litiyam, kuma ana iya sa masa alminiyam a inda litiyam ke buƙatar jan ƙarfe. Sai dai dalilin da ya sa aka yi rububinsa shi ne tashin gwauron zabi da farashin litiyam ya yi a 2022, kuma daga 2023 farashin ya faɗo ƙasa warwas, sai ratar arahar da ake fata ta tsuke. Ga shi kuma ƙarfin wutarsa yana hawa da sauka a faɗi mai yawa tsakanin cika da ƙarewa, don haka ba kowace inbata ce za ta iya aiki da shi ba. Ina sa ran zai sami gurbinsa, kuma zan yi murna idan ya samu, amma zama a duhu ko sake zuba kuɗi a baturan da za su mutu cikin shekara biyu domin jiransa, jiran gawon shanu ne.

Idan ka yanke shawarar sayen LFP, ka tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ƙwayoyin da ke cikinsa, domin akwai masu harhaɗa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati. Ka tabbata na'urar da ke kula da cajinsa, wadda masu sana'ar ke kira BMS, tana iya magana da inbatarka, ko aƙalla a saita inbatar a kan ƙarfin cajin da ya dace da litiyam. Ka karɓi garanti a rubuce mai faɗin shekaru da yawan zagaye. Kada kuma a haɗa shi layi ɗaya da tsohon batirin ruwa. Idan kuɗin bai kai ba a yanzu, sayen ƙaramin LFP da rage kayan da ake kunnawa da dare ya fi komawa gidan jiya.

Agogon da aka ce yana auna suga ba tare da tsira yatsa ba

Wata baiwar Allah ta ce mahaifiyarta tana da ciwon suga, ana yi mata allurar insulin, kuma ta gaji da tsira yatsa kullum. Ta ga tallar wani agogon hannu a intanet da aka ce yana nuna yawan suga a jini da zarar an ɗaura shi, tana so ta saya mata.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan tausayin Mama, ya kuma ba ta lafiya. Amma ina roƙonki kada ki sayi wannan agogon, kuma idan wani ya riga ya kawo mata irinsa, kada a ƙara ko a rage allura bisa lambar da yake nunawa. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a fili cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ko wane kamfani ne ya yi shi. Haɗarin a bayyane yake. Idan agogon ya nuna suga ya hau alhali bai hau ba, aka yi mata insulin fiye da kima, sugan yana iya faɗuwa har ta suma, kuma hakan yana kisa cikin sa'o'i kaɗan. Idan kuma ya nuna lafiya lau alhali ya hau, ɓarna tana ci gaba a ido da ƙoda da jijiyoyi ba tare da kowa ya sani ba.

Dalilin da ya sa abin ya gagari masana yana da kyau a fahimce shi, domin shi zai kare ki daga talla ta gaba. Duk sugan da ke yawo a jinin baligi, wanda ya kai kimanin lita biyar, bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba. Ana so ke nan a haska fitila ta cikin fata a gano wannan ɗan mitsitsin abu a tsakiyar ruwa da kitse da tsoka, alhali kaurin fata da gumi da zafin jiki duk suna sauya yadda hasken ke dawowa fiye da yadda sugan kansa ke sauya shi. Manyan kamfanoni sun gwada. A 2001 an amince da wata na'urar ɗaurawa a hannu mai suna GlucoWatch a Amurka, wadda take jawo ruwa ta cikin fata da ɗan ƙaramin lantarki, amma tana ƙona fatar mutane kuma awonta ba ya tsayawa, daga baya aka daina yin ta. A 2014 Google ya sanar da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido domin auna suga a hawaye, a 2018 aka dakatar da aikin saboda sugan hawaye ba ya bin na jini yadda za a dogara da shi. Abin da ya gagari waɗannan da dukiyarsu da ƙwararrunsu, ba zai bayyana kwatsam a agogon da ba a san ma wanda ya ƙera shi ba.

Akwai ci gaba na gaskiya da zai iya rage wa Mama wahala. Ana yin wani ɗan faifai da ake mannawa a damtse ko a ciki, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, yana auna suga dare da rana yana aika wa waya. FreeStyle Libre na kamfanin Abbott da na'urorin Dexcom su ne suka fi shahara, kuma kowane faifai yana yin kwana goma zuwa sha biyar kafin a sauya. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki yake aunawa, ba jinin kansa ba, don haka yakan yi jinkirin mintoci kaɗan, kuma idan abin da ya nuna ya saɓa wa yadda take ji a jikinta, dole a koma a tsira yatsa a tabbatar. Kuɗinsa kuma ba na sau ɗaya ba ne, na kowane mako biyu ne, saboda haka ki tattauna da likitanta kafin ki fara abin da ba za ki iya ɗorewa a kansa ba. Idan bai yiwu ba, sauya allurar tsirar a kai a kai, da rage zurfinta, da tsira gefen yatsa maimakon tsakiyarsa, suna rage zafin sosai.

Ba ina cewa agogon zamani ba shi da amfani ba. Yana ƙirga bugun zuciya da kyau idan mutum yana zaune, kuma tun 2018 aka amince wa Apple Watch ya riƙa gano wani nau'in rikicewar bugun zuciya. Sai dai a yi hattara da awon oksijin ta hanyar haske. Wani bincike da likitocin Jami'ar Michigan suka wallafa a watan Disambar 2020 ya nuna cewa na'urar da ake maƙalawa a yatsa a asibiti ta kasa gano ƙarancin oksijin a jinin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda ta kasa a farar fata. Idan ta asibiti tana da wannan rauni, ta agogo ba abin jingina ba ce ga mai numfashi da ƙyar.

Biyan kuɗin wata-wata na ƙirƙirarriyar basira domin ɗaliba

Wani uba ya ce 'yarsa da ke jami'a ta roƙe shi ya biya mata kuɗin shekara guda na ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi da yin rubutu, ta ce duk abokan karatunta da shi suke aiki. Yana tsoron kada ya hana ta abin da zai taimake ta, yana kuma tsoron kada ya saya mata lalaci.

Alhaji, tsoronka biyun duk suna kan hanya. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022, kuma shi da takwarorinsa irin su Gemini da Claude an gina su ne a kan wani tsari da masu bincike na Google suka bayyana a 2017. An ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, kuma daga wannan ƙwarewar ne bayaninsu mai daɗin karantawa yake fitowa. Daga nan ne kuma aibinsu yake fitowa, domin suna iya shirya zance mai kama da gaskiya, har da sunan littafi da shafi, alhali babu shi. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙaga musu. Wanda ake biya ya fi na kyauta ƙarfi da yawan abin da yake ɗauka, amma biyan kuɗi bai kawar da wannan hali ba.

Shawarata ita ce kada ka biya na shekara. Wannan fage yana sauyawa cikin watanni, kamar yadda aka gani a Janairun 2025 lokacin da kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya fito da nasa kyauta ya girgiza kasuwar. Ta yi aiki da na kyauta na tsawon zangon karatu guda. Idan ta dawo ta nuna maka takamaiman inda ya tsaya mata, misali tana ɗora masa dogayen takardu yana yankewa, ko tana rubuta manhaja yana ƙare mata a tsakiyar aiki, sai ka biya na wata ɗaya a lokacin da buƙatar ta fi yawa. Ka biya ta hanyar kamfanin kai tsaye, domin masu sayar da asusun haɗaka da rahusa suna iya ganin duk abin da ta rubuta. Ka ja mata kunne kada ta zuba masa takardun shaida ko sirrin wani, ta kuma binciki dokar jami'arta a kan amfani da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za ta yi amfani da shi. Masana halayyar koyo, ciki har da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a wani bincikensu na 2006, sun nuna cewa ɗalibin da ya rufe littafi ya tilasta wa kansa tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. Wahalar tunowar ita ce take dasa ilimin. Idan na'ura ce ta rubuta mata aikin, ta ɗauke mata daidai wannan wahalar da ake biyan kuɗin makaranta dominta. Idan kuwa ta rubuta da kanta ta ce ya nuna mata inda hujjarta ta yi rauni, ko ya yi mata tambayoyi ta amsa ba tare da duba littafi ba, to ta sami malamin da ba ya gajiya. Ka zauna da ita wata rana ka ce ta bayyana maka wani aikin da ta miƙa, da bakinta, waya a ajiye. Daga amsarta za ka san wanne daga cikin biyun take yi.

Waya mai 5G

Wani matashi yana tambaya ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki waya mai 5G, ko ya tsaya a mai 4G da ta fi ta kyamara.

Ɗan'uwa, Koriya ta Kudu ta buɗe 5G ga jama'a tun Afrilun 2019, amma har yau yaɗuwar 5G a duniya ba ta kai ta 4G ba, kuma waya mai 5G a inda babu turakunta 4G ce kawai. Ka duba taswirar kamfanin layinka a kan gidanka da wurin aikinka, ka kuma tabbata wayar tana ɗauke da zangon sadarwar 5G, wato band, da kamfanin yake amfani da shi, domin wayar da aka yi wa wata ƙasa tana iya rasa shi. Idan babu 5G a inda kake yini da inda kake kwana, kada ka biya kuɗinta.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko wa wayar gyaran tsaro, tunda a cikinta kake ajiye kuɗinka da saƙonninka. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a Oktoban 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a Janairun 2024, kuma tun Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta samun sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da su, da batirin da zai riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji 800. Ƙananan wayoyi da yawa ba sa wuce shekara biyu ko uku. Tsakanin biyun da ka ambata, ka shiga shafin kowane kamfani ka nemi ranar da za a daina sabunta wayar, ka ɗauki wadda ranarta ta fi nisa, muddin ma'ajiyarta ta kai gigabait 128.